Motocin haya a Yamai da naƙasassu: me za a nema a samu da gaske?

Sakatariyar Ƙungiya, Talladje

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ƙungiyoyin naƙasassu na shiyyarmu suna shirin zama da wakilan masu taksi, masu faba-faba (ƙananan bas na haya) da ma'aikatar magajin gari. Ba a son a shiga da dogon jerin buƙatu wanda kowa zai gyaɗa masa kai sannan a watse ba a yi komi ba. Tambayata ga waɗanda suka san aikin: a cikin motocin da ke yawo a Yamai yanzu, wato taksi mai jan kai, faba-faba, bas ɗin cikin gari da manyan kar masu zuwa Tawa ko Maraɗi, wane irin fasinja ne za su iya ɗauka lafiya idan an gyara hali kawai, wane ne sai an taɓa ƙarfen motar, wane ne kuma ba za su taɓa iya ɗauka ba ko me aka yi? Wasu suna cewa a nemi a sa wa kowace faba-faba gangarar hawa. Shin abu ne mai yiwuwa? Don Allah a ba mu awo da dalili.

Mai Walda, Katako

Wa alaikumus salam Hajiya. Zancen gangara a kowace faba-faba ku cire shi daga takardarku tun yanzu, ga dalili.

Daɓen Hiace, wadda ita ce yawancin faba-faba, yana kusan santimita 60 daga ƙasa. Gangarar da mai keken guragu zai hau da ƙarfin hannunsa ana yin ta ne a kan awon 1 cikin 12, ma'ana kowane santimita ɗaya na tsayi yana cin santimita 12 na tsawo. Santimita 60 sau 12 ya ba da mita 7 da ɗoriya. Babu inda za a ajiye wannan a cikin mota, babu kuma filin shimfiɗa shi a bakin Babbar Kasuwa. Idan aka matse zuwa 1 cikin 6, a samu mita 3 da santimita 60, to sai da ƙaƙƙarfan mai turawa. Abin da ya fi haka tsini, ƙananan ƙafafun gaba suna ɗagawa keken ya kife ta baya, ƙeyar mutum ce ke fara isa ƙasa.

Ko an hau, ciki ma ba a shirye yake ba. Gurbin keke ɗaya a ƙa'idar motocin fasinja shi ne santimita 75 a faɗi, 130 a tsawo. A Hiace sai an cire layin kujeru biyu na baya. Rufin ma gajere ne: babban mutum a zaune kan keke kansa yana kai wa santimita 130 ko sama da haka, ƙofar bayan mai gajeren rufi kuwa ba ta kai hakan ba. Sai mai dogon rufi.

Sannan ɗauri, wanda shi ne abin da aka fi yi wa sakaci. Birkin keken guragu an yi shi ne don kada ya gangara a tsakar gida, ba ya riƙe komi idan direba ya taka birki da ƙarfi. Ana buƙatar bel huɗu masu ƙugiya, biyu gaba biyu baya, a maƙala su a jikin ƙarfen keken inda aka yi walda, ba a taya ba, ba a matakin ƙafa ba, ba a madogarar hannu ba, domin waɗannan duk cirewa suke yi. Fasinja ya fuskanci gaba, kada a ajiye shi a kaikaice. Shi ma a sa masa bel nasa daban wanda ya bi ta kan ƙashin ƙugu, ba ta kan ciki ba. Zoben da ake maƙala bel ɗin dole ya ratsa daɓe da kusa mai noti, a sa faffaɗan ƙarfe mai kauri daga ƙasa, ko a kama shasi. Gwajin da ake yi wa irin wannan ɗauri karo ne a gudun kilomita 48 a awa, inda nauyi ke ninkuwa sau 20. Mutum mai kilo 70 da keke mai kilo 20 sun zama kamar kilo 1800 suna fizgar zobe huɗu. Wanda ya ɗiga walda a kan siririn kwanon daɓe da tsatsa ta ci, zoben zai taho da kwanon gaba ɗaya.

Abin da zai yiwu, kuma da araha, shi ne gyara don masu sanda, tsofaffi da waɗanda shan inna ta taɓa wa ƙafa amma suna takawa. A ƙara mataki ɗaya a ƙarƙashin ƙofar gefe, mai faɗin da ƙafa za ta zauna sosai, ya raba tsayin hawan gida biyu. A yi shi da ƙarfe mai ƙurji don kada ya yi santsi da damina, kuma kada ya sauka ƙasa da shasi, in ba haka ba tudun rage gudu na farko zai tafi da shi. A sa bututun riƙo a tsaye a bakin ƙofa, kaurinsa santimita 3 zuwa 4, a shafa masa fenti ruwan ɗorawa don mai raunin gani ya hange shi. Wannan aikin yini ɗaya ne a gareji.

Keken da ake tuƙawa da hannu mai ƙafa uku, wanda shi ne mafi yawa a garin nan saboda shi ke iya rairayi, tsawonsa yana kusan mita 2 kuma ba ya naɗewa. Ba ya shiga but ɗin Starlet ko Corolla. Wurinsa saman faba-faba ne ko ɗakin kayan kar. Idan za a ɗora shi, a tsayar da shi kan tayoyinsa, a ɗaure ta ƙarfen jiki, kada a jibga buhu a kai. Abin da ke lalacewa kullum shi ne sarƙa, hannun tuƙi da bakin taya da ke lanƙwashewa, kuma mutum ya sauka ya tarar ba shi da ƙafar tafiya.

Mai Gashin Ƙashi, Lazare

Malam mai walda ya gama da ƙarfe, bari in ɗauki jikin mutum, domin masu keke ba iri ɗaya ba ne, kuma haɗa su wuri guda shi ke ɓata irin wannan zama.

Akwai wanda hannayensa ke da ƙarfi, yana iya sauya wurin zama da kansa. Wannan taksi ya ishe shi idan direba ya yi haƙurin minti uku zuwa biyar. Yadda ake yi: a ba shi kujerar gaba, a tura ta baya har ƙarshe, a buɗe ƙofa duka. A kawo keken dab da kujerar a ɗan karkace, a danne birki biyu, a cire matakin ƙafa da madogarar hannu ta ɓangaren motar. Ya sa ƙafa ɗaya ko biyu ciki tukun, sannan ya zame. Katako mai santsi, tsawon santimita 60 zuwa 75, faɗin kamar 20, wanda aka goge bakinsa, yana cike ramin da ke tsakanin keke da kujera. Kowane kafinta zai iya yin sa. Kada ya rataya a jikin ƙofa, tana motsi. Keke mai naɗewa ana kama tsakiyar mazauninsa a ja sama, ya koma faɗin kamar santimita 30, nauyinsa kilo 15 zuwa 20. Matashin zamansa kuwa ba kaya ba ne, a sa masa shi a ƙarƙashinsa cikin motar.

Akwai kuma wanda sai an ɗaga shi. A nan ake yi wa mutane rauni da kyakkyawar niyya. Ba a ɗaga mutum ta hammata, musamman wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama, domin kafaɗar da ta saki tana gocewa. Mutum biyu ake so: ɗaya daga baya ya zura hannuwansa ta ƙarƙashin damatsa ya kama hannayen fasinjan da aka harɗe a ƙirji, ɗaya ya tallabi ƙarƙashin gwiwoyi, a ƙirga a ɗaga tare. Kafin a taɓa kowa a tambaye shi yadda yake so a kama shi, shi ya fi kowa sanin jikinsa. Mace kuma a nemo mata mace ko muharraminta. Mata da yawa sun daina fita asibiti ne don kawai ba sa son yaran tasha su rungume su a bainar jama'a, kuma suna da gaskiya.

Doguwar tafiya ita ce ta fi damuna. Yamai zuwa Tawa kusan kilomita 550 ne, ta Dosso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, yini guda a zaune. Daɓen babbar kar ya haura mita ɗaya, matakan ƙofa ƙunci gare su kuma suna da kwana, don haka mai keke ɗaukarsa ake yi a shigar. Da ya zauna, keken ya tafi ɗakin kaya, shi ke nan ba zai sake motsi ba sai an iso. Wanda ya ji rauni a laka ba ya jin zafin zama, fatar mazaunai tana mutuwa ba tare da ya sani ba, kuma awa biyu a wuri guda sun isa su fara gyambon da zai ɗauki watanni. Dole ya ɗaga jikinsa ko ya karkata gefe zuwa gefe duk minti 15 zuwa 30, ya daɗe kamar minti ɗaya ko biyu a haka. Abu na biyu fitsari. Da yake bayan gida na wuraren tsayawa na tsugunno ne masu ƙaramar ƙofa, mutane sukan ƙi shan ruwa tun daren tafiya. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, wannan hanya ce ta ciwon mafitsara da suma, balle ga mai raunin laka wanda jikinsa ba ya zufa daga wurin raunin zuwa ƙasa. Mai robar fitsari ya zubar da jakar kafin a tashi da kuma kowace tsayawa, jakar ta kasance ƙasa da mafitsara, robar kada ta naɗe a ƙarƙashin cinya.

Don haka Hajiya, daga kamfanonin kar ku nemi abu huɗu: kujerar da ta fi kusa da ƙofa a keɓe ta tun wurin sayen tikiti, a shigar da shi kafin kowa, keken ya zama kaya na ƙarshe da za a sa a bakin ɗakin kaya don a iya fito da shi a Dosso ko Ƙonni, kuma kada a karɓi kuɗin kaya a kansa. Bayan gida ɗaya a kowace tasha mai ƙofar santimita 90, mazauni, ƙarfen riƙo da filin juyawa na mita ɗaya da rabi zai fi amfani nesa ba kusa ba da alkawarin sabbin motoci.

Kashi na uku su ne waɗanda ba a raba su da kekensu: wanda wuyansa ba ya tsayuwa, yaro mai sanƙarewar gaɓoɓi da aka yi wa kujera daidai jikinsa. Gaskiya babu motar haya ɗaya a tsarin yanzu da ta dace da su.

Malamin Makafi, Yantala

Allah ya saka da alheri. Amma ina jan hankali kada keke ya cinye zaman duka. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kashi 4.2 cikin ɗari na ƴan Nijar suna da naƙasa, sama da mutum dubu 700, kuma makafi da kurame kaso ne babba a ciki. Su ba sa buƙatar a taɓa ƙarfe ko ɗaya.

Ku duba yadda ake shiga taksi a Yamai. Mutum ya tsaya bakin hanya, mota ta rage gudu, ya faɗi unguwar da zai je, direba ya yi oda ko ya gyaɗa kai idan hanyarsa ce, in ba haka ba ya wuce. Makaho bai san motar da ta rage gudu taksi ce ba, bai ga gyaɗa kai ba. Kurma bai ji odar ba, wani ma ba zai iya kiran sunan unguwar ba. Tsarin gaba ɗaya an gina shi a kan ido da kunne tare.

Ga makaho, direban da ya ga farar sanda ya tsaya cak ya yi magana: taksi ce, ina za ka? In zai ɗauke shi ya ce shigo, ƙofar baya ta dama. Mai taimako kada ya ja sandar, kada ya tura shi daga baya; ya ba shi gwiwar hannunsa ya riƙe, ya ɗora masa hannu a saman ƙofa da bayan kujera, sauran shi zai yi. A faba-faba yaron mota ya riƙa kiran sunan kowace tsayawa da ƙarfi, Wadata, Katako, bakin gadar Kennedy, ko babu mai sauka. Wurin canji a faɗi adadin da baki, a sa takarda daban, tsaba daban a tafin hannu. Mafi haɗari shi ne sauka. Direba ya ajiye mutum mita 50 gaba da inda ya saba don gudun cunkoso, bai faɗa masa ba, ga lambatu a buɗe. A gaya masa ainihin inda aka tsaya, wane ɓangaren hanya ne, da abin da ke gabansa.

Ga kurma, kati mai sunan unguwa da manyan haruffa yana warware rabin matsalar, kuma direban da bai yi boko ba yakan gane sunayen da ya saba gani. A tashoshin kar, sauyin lokacin tashi da ake faɗa ta lasifika kawai a rubuta shi a allo, a kuma aika saƙon waya. A wuraren tsayawa na hanya kuwa, alamar tashi oda ce. Kurman da ya shiga sallah ko bayan gida ana iya barinsa a Dogon Dutsi kayansa su wuce. Maganin shi ne a nuna masa lokacin tashi a agogo, kuma yaron mota ya ƙirga kujeru kafin a rufe ƙofa. Ku gayyaci malaman makarantar makafi da ta kurame na nan Yamai su ba direbobi horon rabin yini. Alamun hannu goma sun isa aikin mota.

Tsohon Wakilin Tasha, Wadata

Hajiya, zan faɗi abin da direbobi za su faɗa muku a zaman, gara ku ji shi tun yanzu. Yawancin masu tuƙa taksi ba su ne masu motar ba. Kowace yamma akwai adadin da za su kai wa mai mota, ga mai, abin da ya rage shi ne cefane. Minti biyar na naɗe keke fasinja biyu ne suka wuce wa wani. Shi ya sa ake wuce mai keke kamar ba a gan shi ba, ko a ce ya biya kuɗin mota duka. Ban ce daidai ba ne, amma wa'azi kaɗai ba zai canza lissafin ba. Haka mai faba-faba: cire layi biyu asarar kujeru ce a kowane sawu, ko mai keke ya zo ko bai zo ba. Kujeru masu naɗewa sama suna rage wannan asara, sai dai dole maƙallansu su yi ƙarfi.

Abin da nake ganin zai tsaya da ƙafarsa: a zaɓi direbobi kaɗan a kowace shiyya da suka yarda, a horar da su, a manna wa motarsu alama, a raba lambobinsu ta ƙungiyoyi da wurin sarkin makafi da sarkin guragu. A madadin haka magajin gari ya rage musu wani abu daga harajin da suke biya, kuma alamar ta zama abin da ake ƙwacewa idan an kawo ƙara. Ga kashi na ukun da mai gashin ƙashi ta ambata, mota biyu ko uku masu dogon rufi da cikakken ɗauri, waɗanda ake kira ta waya kwana ɗaya kafin tafiya, su riƙa haɗa masu zuwa Babban Asibitin Ƙasa a sawu ɗaya. Kuɗin fasinja ba zai riƙe irin wannan mota ba, sai da tallafi a rubuce cikin kasafi.

Bas mai gajeren daɓe, wanda matakinsa bai wuce santimita 34 ba, yana da kyau a manyan titunan kwalta, amma da sharaɗi. Sai an gina dakalin tsayawa mai tsayin santimita 15 zuwa 18, sannan gangarar ta rage tsini. Idan ƙasa za a sauke ta, ta yi tsini. Sai an hana ƴan tebur da masu babur mamaye dakalin, don bas ɗin ya matso dab. A zaɓi gangarar da ake buɗewa da hannu, mai aiki da lantarki ƙurar hunturu tana cika mata hanya ta maƙale. Kuma irin wannan bas cikinsa ƙasa yake, ba ya shiga unguwannin da ruwan Agusta ke yanke wa hanya, inda talakawan naƙasassu suka fi zama. A Tawa ma, inda kabu-kabu, wato babur na haya, da adaidaita ke ɗaukar yawancin jama'a, adaidaitar ce ta fi dacewa a gyara, saboda daɓenta ƙasa yake kuma tana kai mutum ƙofar gida.

Ɗalibar Shari'a, Harobanda

Ƙari kaɗan kan abin da za ku riƙe a hannu, Inna. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. Sashe na 9 ya ambaci sufuri da sunansa, ya kuma ɗora wa gwamnati alhakin tabbatar da cewa ƴan kasuwa masu yi wa jama'a hidima su ma sun kula da wannan, don haka mai taksi ko kamfanin kar ba zai ce abin bai shafe shi ba. Sashe na 20 yana magana a kan zirga-zirgar mutum da kansa a farashin da zai iya biya. A cikin gida akwai doka mai lamba 2019-62 ta watan Disamban 2019. Ku tafi da kwafinsu, kuma ku nemi Tarayyar Naƙasassu ta Nijar, FNPH, ta turo wakili.

Abin da duk aka amince da shi a rubuta shi da sunan wanda zai yi, da ranar da za a duba. Ku nemi a shigar da hana ƙin ɗaukar fasinja saboda naƙasa, da hana karɓar kuɗi a kan keke ko sanda, cikin sharuɗɗan lasisin taksi, domin lasisin ne abin da magajin gari ke da iko a kansa kai tsaye. A kuma ware wurin kai ƙara wanda kurma zai iya tura saƙon rubutu, makaho ya kira da murya. Tunda makaho ba zai karanta lambar da ke jikin ƙofar taksi ba, a wajabta wa direba ya faɗe ta da baki idan an tambaye shi.